Jorunn Mai Saita Launi da Idanun Yayata

Duk wanda ya saba fitowa da sassafe a Skarvik ya san ta. Kafin jirgin fito na farko ya bar gaɓa za ka hango ta tana gangarowa daga unguwar tudu a kan keken ƙanƙara, ƙafa ɗaya a kan ƙarfe, ɗayar tana shurin ƙasa, ga baƙar jakarta ɗaure a kujerar gaba. Takan tsaya wajen mai burodi su yi musu a kan ko iska za ta juya, musun da tun ina saurayi ake yinsa ba a gama ba, sannan ta wuce ta buɗe ɗan shagonta da ke bayan kasuwar kifi. Kafin ta taɓa ko noti guda sai ta ɗora tukunyar gahawa, ta share dusar ƙanƙarar bakin ƙofarta, har da ta maƙwabcinta mai ɗinkin koma, wanda bai taɓa riga ta fitowa ba.

Jorunn Vassbotn ke nan, mai gyaran kwamfuta, wadda makon jiya ta rufe shago ta shiga sahun 'yan fansho. Jaridar lardinmu ta ba ta layi biyu a ƙarƙashin tallan tayar mota. Layi biyu fa! Abin ya tsaya min a rai na kasa haɗiye shi, shi ya sa na zauna rubutu, ni da sana'ata ɗaukar hoto ce. Sunana Hallstein, ni ne mai ƙorafin nan da ke tsayar da ku a sanyi ranar biki yana cewa ku matso ku yi murmushi.

Jorunn ta fara ne da gyaran rediyon jiragen kamun kifi. Da zamani ya juya ta juya da shi, har ta tsaya a kan manyan kwamfutocin tafi-da-gidanka, irin na masu zane da taswira da hoto, masu nauyin da in ka rataya ɗaya daga gida zuwa tashar jirgi sai ka isa a karkace. Muna da yawa masu irinsu a garin nan: masu zana jikin jiragen ruwa, masu auna zurfin teku don gonakin kifi, da ire-irena. Abincinmu a cikinsu yake, don haka wanda tasa ta yi tari hankalinsa ba ya kwanciya sai ya dangana da bayan kasuwar kifi.

Amma fa in ka je kada ka yi gaggawa. In ka shigo da kwamfuta daga sanyin waje, Jorunn ba za ta bari ka zuge jakar ba. Ta ce ƙarfen da ya sha sanyi in ya shiga ɗumi gumi yake yi ta ciki, kuma ruwa da lantarki ba su taɓa zama lafiya ba. Sai ka ajiye jakar, ta miƙo maka kofi. Baƙi kan ɗauka karamci ne kawai, mu 'yan gari mun san tarkon. Na'urar na shan ɗumi, ita tana shan labarinka. A ina kake ajiye ta? Yaushe ta fara? Kafin kofin ya ƙare ta san ciwon kwamfutar, ta kuma san kuna faɗa da surukinka a kan rumfar kwale-kwale.

Tawa kwamfutar shaida ce. Shekarun baya ta fara nauyin jiki, in na buɗe hotunan biki sai in je in dafa ƙwai in dawo ba ta gama ba, fankarta kuwa tana ruri har matata Sigrun ta daina jin talabijin. Na je da shawarata a yanke, na ce Jorunn ta yi min odar sabuwa, wannan ta tsufa. Ta dube ni daga furfura har safa.

"Kai ma ai ka tsufa, Hallstein, kuma kana minshari. Sigrun ta yi odar sabo?"

Ta kife kwamfutar a gabana, don ba ta buɗe na'urar mutum a bayan idonsa, ta kwance notuna, ta sa ɗan hantsaki ta zaro daga cikin fankar gashin kyanwarmu wanda ya isa a saƙa safar jariri. Ta goge busasshen man da ke kan zuciyar injin ta shafa sabo, ta ƙara mata ƙwaƙwalwa, ta sauya mata rumbun ajiya da mai sauri. Ga takardar tallan sababbi a kan teburinta, da ta ga dama da ta sayar min, kuma da na tafi ina godiya. Da wannan tsohuwar nake rubuta muku yanzu, kyanwar kuma an hana ta hawa tebur, ko da yake ba ta ji ba.

Sai dai abin da ya kai sunanta har tsibirai shi ne saita launi. Allon kwamfuta a hankali yake koyon ƙarya. Yana tsufa farinsa na karkata, jansa na dusashewa, kai da kake kallonsa kullum ba za ka lura ba sai ranar da ka buga hoto amarya ta fito kamar mai ciwon shawara. Jorunn na da wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba, takan rataya ta a kan allon, launuka su yi ta wucewa tana karanta su, a ƙarshe a mayar da kowanne gurbinsa. Alƙali take kiranta, wai don ba ta da ɗan'uwa. Kuma ba ta yarda ta yi wannan aiki a shago. Sai ta bi ka inda kake zama kana aiki, ta ga fitilarka da tagarka da fentin bangonka. Akwai mai zana jirage da ta sa ya sauke labule ruwan goro da surukarsa ta ɗinka masa. Har yau yana cewa bai san wanne ya fi gode mata ba, launin ko labulen.

Jorunn, ke ce kike hawa jirgin fito cikin iskar da ke sa maza amai, don kawai ki je ɗakin wani ki dubi fitilarsa. Ke ce mai cewa a gyara tsoho, in ya ƙi gyaruwa sannan a yi maganar sabo. Uwar masu karkatattun kafaɗu, mai kofi kafin sukundireba. Na san in kin karanta wannan za ki ce na cika surutu. To ki yi haƙuri, ban ma zo kan abin da ya zaunar da ni ba.

Ina da yaya mace, Aslaug, masaƙiya. Aikinta bin tsibirai gida-gida, tana roƙon tsofaffi su buɗe mata akwatunansu ta ga mayafan ulun da kakanni suka saƙa. Ta ɗauki hotonsu, ta zana tsarin saƙar a kwamfuta zare bayan zare, ta zaɓi launuka daidai da na asali, ta aika wa wata marina a kudu. Su rina mata ulu su aiko, ita kuma ta hau masaƙa ta fito da sabon mayafi sak na da. Tun tana budurwa take wannan, da can da fensir da fenti, daga baya da wata ƙatuwar kwamfuta da ta saya a hannun injiniyoyin da suka gama da ita. Jorunn ce ta gyara mata ita, ta je har ɗakin saƙar ta saita launi, ta kuma sa ta sayi fitila mai farin haske irin na rana. Ido kuwa, a gidanmu Aslaug aka ba.

Wata shekara rana ta yi mana sallama yadda ta saba yi mana nan arewacin Norway, ta faɗi a ƙarshen Nuwamba, ba za a sake ganin ƙwayarta ba sai Janairu ya yi nisa. A cikin duhun ne wasu mutanen tsibiri suka ba Aslaug aron jan mayafin kakarsu, 'yarsu za ta yi aure a watan Yuni, suna so ta yafa irinsa. Aslaug ta daidaita jan a allo har ba ka bambanta shi da mayafin, ta aika. Ulu ya iso, ta buɗe kwali, sai ga ja mai karkata zuwa shunayya, ba na kakar mutane ba. Ta ɗauki waya ta wanke 'yan marina tas. Suka ce su dai abin da ta aiko suka rina. Ta sake zama ta daidaita da kulawar da ta fi ta farko, ta sake aikawa. Na biyun ma haka ya zo. Wannan karon ba ta kira kowa ba.

Ga dalili. Mahaifiyarmu da launi ciwon idonta ya fara. Ta riƙa haɗa safa shuɗiya da koriya muna mata dariya, kafin 'yan shekaru ta koma tambayar wa ya shigo. Kuma tana daidai shekarun da Aslaug take a lokacin abin ya same ta. Yayata ta haɗa wannan da wancan ta yanke wa kanta hukunci ita kaɗai. Ba ta gaya wa mijinta Oddgeir ba, ba ta gaya min ba, likita kuwa ta ƙi zuwa, don a ganinta muddin ba a faɗa da baki ba abin bai tabbata ba. Ta rufe masaƙa da zanen gado ta ce kafaɗa ke damunta. Mu kuma muka yarda, Oddgeir har da sayo man zafi.

Wata Talata da safe ina shagon Jorunn, na je a duba min batir, sai ga Aslaug ta turo ƙofa da jakar kwamfutarta. Ta gan ni, fuskarta ta nuna ba ta so ba, amma ta riga ta shigo. Ta ɗora jakar a kan teburin Jorunn.

"Ki goge duk abin da ke ciki, ki nemo min mai saye."

Jorunn ta ce to, amma jakar ta sha sanyi, a zauna tukuna. Ta zuba gahawa. Ta tambaya ko wata za a saya, Aslaug ta ce a'a, ta bar zane, kafaɗa ta hana. Jorunn ta ce ita dai a saninta masaƙa ce ke cin kafaɗa, kwamfuta yatsa take ci, kuma zanen shekara da shekaru ne a cikin jakar nan, ba ta goge irin wannan a kan maganar kafaɗa. Yayata, wadda ko ranar jana'izar mahaifinmu ban ga hawayenta ba, ta riƙe kofi da hannu biyu, idonta ya kawo ruwa.

"Idona ne, Jorunn. Irin na Mama ne. Na daina ganin launi."

Tsoro ya kama ni sosai. Na buɗe baki in yi lallashi, Jorunn ta harare ni na rufe. Cewa ta yi ba ta goge na'urar da ba ta gani a ɗakinta ba, Aslaug ta mayar da ita gida ta ajiye inda ta saba, gobe da tsakar rana tana tafe. Aslaug ta fusata, ta ce ita ba shawara ta zo nema ba, kuma Jorunn ta fi busasshen kifi tauri. Jorunn ta ce ta gode, a kuma gaya wa Oddgeir ya gasa wainar nan tamu ta wafel, don ba ta aiki da yunwa.

Washegari na je ba a gayyace ni ba. Tsakar rana ce irin tamu ta lokacin duhu, sama ta yi shuɗi-shuɗi, fitilun titi a kunne. Jorunn ta hau ɗakin saƙa, ko kallon kwamfutar ba ta yi ba. Ta kunna farar fitilar, ta shimfiɗa tsohon mayafin a tebur, ta ajiye ulun farko da na biyu a gefensa, ta ce Aslaug ta gaya mata abin da ke damun su, don ita ba ta san saƙa ba.

Aslaug ta yi tsaki, amma bakin masaƙiya ba ya iya shiru a gaban zare. Ta ce na farko shuɗi ya yi masa yawa. Na biyu ya ɗan fi, amma har yanzu da sanyi a jikinsa. Jan asali kuwa akwai ɗan ruwan ƙasa a ƙarƙashinsa, irin wanda rinin saiwa ke bayarwa. Jorunn ta juyo ta tambaye ni ko ina ganin bambanci tsakanin ulun biyu. Na sunkuya, na karkata kai, na ce to, in an matsa min, akwai ɗan wani abu. Ta ƙwala wa Oddgeir kira daga kicin, ya hau da cokali a hannu, ya duba ya ce shi dai duk ja ne, kuma duk suna da kyau.

"Wa ya fara cewa ulun nan bai yi ba?" in ji Jorunn.

"Ni mana," in ji Aslaug. "Wa zai gaya min? Waɗannan?"

"To wane irin makaho ne ke kama kuskuren da mai hoto ya kasa gani sai da ya karkata kai? Idon da ya lalace ai da ya karɓi ulun nan ya saƙa, ya kai wa mutane yana murna."

Na ga yayata ta saki bayan kujerar da ta riƙe.

Sai a lokacin Jorunn ta kunna kwamfutar, ta buɗe shafi fari wanda ba komai a kansa. Aslaug ta ce ga shi nan, ai ta jima tana ganin farin ya koma ruwan ɗorawa, kuma haka Mama ta riƙa faɗa. Jorunn ta ɗauki farar takarda ta kara a gefen allon, ta tambaye ta launinta. Aslaug ta ce fara. Kai, ko Oddgeir ya ga bambancin. Takarda fara fat, allo kuwa kamar an shafa masa man shanu. Ashe allon ne ke ƙara wa komai ɗorawa, Aslaug na ƙara shuɗi don ta kashe shi, 'yan marina kuma suna rina shuɗin da ta ƙara.

Amma fuskar Jorunn ba ta saki ba. Ta ce ita da hannunta ta saita shi 'yan watanni baya, allo ba ya tsufa haka farat ɗaya, akwai wanda ya sa hannu. Ta shiga cikin saituna tana bi ɗaya-ɗaya, tabarau a ƙarshen hanci. Can sai ta tsaya. Kafaɗunta suka fara rawa, na ɗauka tari ne, ashe dariya ce irin wadda ke hana mutum magana. Da ƙyar ta nuna mana da yatsa.

Akwai wani tsari a kwamfutar na hutar da ido, wanda ke mayar da hasken allo ɗorawa-ɗorawa da yamma. An kunna shi, an kuma zaɓa masa ya yi aiki daga faɗuwar rana zuwa fitowarta. Na'urar ta san inda take a taswira. Ta ga rana ta faɗi a Skarvik, ta kunna abinta, ta zauna.

"Baiwar Allah ba ta yi laifi ba," in ji Jorunn tana share hawaye. "Tun Nuwamba take jiran gari ya waye."

Aslaug ta ce ita ba ta ma san akwai wannan abu ba, balle ta kunna. Muka juya gaba ɗaya. Oddgeir, tsohon injiniyan jirgin fito, mutumin da ke alfahari bai taɓa danna maɓallin da bai sani ba, yana ja da baya zuwa matakala da cokalinsa. Da aka tsare shi ya ce da kaka ne, ya ga tana murza ido da yamma, ya karanta a jarida abin na taimakawa, ya kunna mata don tausayi bai faɗa ba. A lokacin bai yi ɓarna ba, tunda da rana take zaɓen launi, kuma da safe tsarin yakan daina aiki da kansa. Shi dai ya manta a wane gari yake zaune.

Yayata ta zauna a bencin masaƙa ta rufe fuska, kuka da dariya suka haɗe mata. Ni ma ban tsira ba, farin cikin da na ji ban ji irinsa ba tun haihuwar 'yata. Da ta samu numfashi ta dubi mijinta ta ce wannan shi ne garin neman gira a rasa ido, sannan ta yanke masa hukunci: wanke-wanke nasa ne shi kaɗai, daga faɗuwar rana zuwa fitowarta. Ya karɓa bai ɗaukaka ƙara ba. Sai ranar da rana ta leƙo ta bayan dutse, duk gari muka fita tudun makaranta da burodi mai zaƙi muna mata maraba, sannan aka sallame shi.

A ranar da asirin ya tonu dai, Jorunn ta kashe tsarin, ta bar allon ya yi ɗumi muna cin wafel da cuku mai ruwan ƙasa, sannan ta rataya Alƙali ta saita komai daga farko. Ta buɗe jan da aka aika wa marina, sai ga shi a allo shunayya-shunayya, sak ulun da ke kan tebur. Aslaug ta ture ni gefe ta ja kujera. Ta janye shuɗin kaɗan-kaɗan, ta ƙara ɗan ruwan ƙasa, ta ɗaga gefen mayafin ta kara. Ta jima tana kallo. A hankali ta ce, "Ga shi nan."

Wani da daga nan zai naɗe kayansa ya tafi ana masa kirari. Jorunn tana sa takalmi a bakin ƙofa ta ce wa Aslaug ita allo take gyarawa, ido ba sana'arta ba ce, don haka zuwa likita na nan daram. Aslaug ta fara kawo uzuri, Jorunn ta ce dama tana da sayayya a birni. Ranar da asibiti ya ba su ta rufe shago ta raka ta a jirgin fito, ta zauna a ɗakin jira tana saƙa wata safa da Aslaug ta ce ba ta taɓa ganin mai muninta ba. Likita ya ce idon lafiya lau, sabon tabarau kawai yake so. Ulu na uku ya zo daidai, amaryar tsibiri ta yafa jan kakarta, ni na ɗauki hoton.

Kuma Jorunn ba ta ɗora wa Oddgeir laifin duka ba, ta ce ita da aka haifa a garin nan ya kamata ta hango wannan. A makon ta bi duk wanda ta taɓa saita wa launi, na kusa a keken ƙanƙara, na nesa a waya, ta kuma samu wasu kwamfutocin da ke zaune suna jiran asuba. Ni ma da na koma gida na duba tawa. Abin da na gani tsakanina da ita ne.

Ranar da za ta rufe shago mutane suka yi ta shigowa da furanni da kek. Ana cikin haka Aslaug ta ratso jama'a da kwamfutarta. Jorunn ta ce ai ta yi ritaya tun ɗazu. Aslaug ta ce ritaya sai an juya makulli, kuma tana so a ƙara wa na'urar ƙwaƙwalwa iyakar abin da za ta ɗauka, a sa mata sabon batir da babban rumbu. Jorunn ta ture farantin kek gefe ta yi aikinta na ƙarshe a tsakiyar biki, muna tsaye a kanta da kofuna.

"Za ta kai shekara goma?" Aslaug ta tambaya.

"In Oddgeir bai taɓa ta ba. Me za ki yi da shekara goma?"

"Akwai tsibiran da ban taka ba. Wata tsohuwa ta aiko min cewa akwatinta cike yake, kuma ba ta buɗe wa kowa sai ni. Ga mata biyu da suka dame ni in koya musu. Ki dai kula, kada ki ɓatar min da noti."

Ku masu gyara, ko me kuke gyarawa, mota ko famfo ko haƙori, da kai da za ka gaji shagon, ku ɗauki wannan daga wajenta. In mutum ya ajiye muku kayan sana'arsa ya ce ku raba shi da su, kada ku yi saurin cewa to. Ku zaunar da shi ku tambaye shi, in ta kama ku bi shi gida.

Da Jorunn ta yi abin da aka ce ta yi ranar Talatar nan, da ba wanda zai zarge ta, aikin rabin yini ne. Da yanzu yayata na zaune a gida da lafiyayyun idanu tana jiran makanta. Ke kika hana, Jorunn. Na gode, Aslaug ta gode, Oddgeir ma ya ce in ce ya gode. Allah ya ja kwana, ki ci fanshonki lafiya.